Bayan tiyatar gyaran jiki: me ɗinkinka ke buƙata a gida?

Idan aka ce tiyatar gyaran jiki, da yawa hankalinsu kan tafi ga masu rage tumbi ko gyara hanci. Amma wannan fanni ne kuma ke ɗinke tsagaggen leɓen jariri, da dasa fata ga wanda ya ƙone, da gyara fuskokin yara a asibitin cutar noma da ke Sakkwato. Kowace iri aka yi maka, likita haɗa fata kawai ya yi. Jikinka ne zai warkar da ita, kuma yawancin aikin a gida zai gudana.

To, yaya jikin ke yi? A kwanakin farko jini na kai ƙwayoyin garkuwa wurin, shi ya sa yake kumbura. Kumburin kan kai ƙololuwa a kwana na 2 zuwa na 3, sannan ya fara sacewa. Daga nan jiki ya shiga saƙa wani zare da ake kira kolajin, wanda ke riƙe gefunan raunin. Saƙar tana da jinkiri: bayan mako 3 wurin bai kai rabin ƙarfinsa ba, kuma ko ya gama warkewa ba ya wuce kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin lafiyayyar fata. Don haka kar busasshen ɗinki ya ruɗe ka ka ɗauki bokitin ruwa.

Duk wannan aiki da jini ake yin sa. Nikotin da ke cikin sigari da shisha yana matse ƙananan hanyoyin jini, har fatar da aka ɗaga ko aka dasa ta iya mutuwa. Shi ya sa likitoci kan ce a daina aƙalla mako 4 kafin tiyata da bayanta. Ka ci ƙwai, wake, kifi ko nama, domin da su ake saƙa zaren. In kana da ciwon suga, ka tsare shi sosai. Kuma kar ka wuni a kwance: ɗan tattaki a tsakar gida na rage haɗarin daskarewar jini a ƙafa.

'Yan dubiya za su zo da shawarwari. Kar ka gasa wurin da ruwan zafi, domin fatar kan yi dundurus bayan yanka, sai ka ƙone ba ka ji ba. Kar a shafa man shanu, toka ko garin magani a ɗinkin da bai rufe ba. Wanke hannu kafin taɓa bandeji ya fi su duka amfani.

Ka koma asibiti nan take idan ka ga zazzaɓi ya kai digiri 38, ko mugunya da wari, ko gefe ɗaya ya kumbura farat ɗaya, ko fatar ta fara yin baƙi, ko ƙwauri ɗaya ya kumbura yana ciwo. Ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi kuwa, ko tsakar dare ne kar a jira gari ya waye.

Shi tabo yakan ɗauki wata 12 zuwa 18 kafin ya kwanta. Ka kare shi daga rana. Mu masu baƙar fata mun fi saurin yin tabo mai tudu da ke zarce iyakar rauni, don haka da ka ga yana tasowa yana ƙaiƙayi, nuna wa likitanka tun yana ƙarami.