Idan kuɗi suka faɗo hannun wanda ba shi da muhalli

A ƙauyukan El Allassane Maïreyrey da ke cikin Mayahi, ruwan damina ne kan mayar da magidanci marar muhalli: katangar laka ta jiƙe ta zube, iyali su kwashe tabarmi da tukwane su raɓe a ajin makaranta. Haka aka gani a 2024, lokacin da ambaliya ta yi wa jihar Maradi ɓarna.

Da an ce za a ba irin waɗannan mutane kuɗi a dunƙule, sai ka ji ana cewa facaka za su yi. An gwada abin a Bankuba ta ƙasar Kanada daga 2018, inda aka ba mutum 50 marasa muhalli dalar Kanada 7,500 kowannensu, ba sharaɗi. Cikin shekara guda, kwanakin da suka yi ba muhalli sun ragu da 99 idan aka kwatanta da waɗanda ba a ba su ba. Haya da abinci da sutura suka fi cinye kuɗin, kuma ba su ƙara sayen giya ko ƙwaya ba. Sai dai tun farko an cire masu tsananin shaye-shaye daga gwajin.

A Nijar, shirin tallafi na gwamnati da Bankin Duniya ya riƙa ba iyalai jika goma duk wata har shekara biyu. Kuɗin wata-wata na riƙe tukunya, dunƙulallen kuɗi kuwa shi ke sayen kwano da azara. Abin da ke saurin zaizaye shi shi ne tsohon bashin hatsi da buƙatun dangi, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.