Alƙalamin Mai Kimanta Gidaje Da Makomar Ginin Ƙasa

Duk ma'aikacin da ya taɓa neman rance a banki da takardar gidansa, ko kuwa aikin hanya ya bi ta kan gidansu na gado, ya san wani mutum da kan zo da magwaji da littafi, ya zaga ginin, ya ƙwanƙwasa bango, ya ɗaga kai ya dubi rufi, sa'an nan ya koma ofis ya rubuta adadin kuɗi. Wannan shi ne mai kimanta darajar gidaje da filaye, kuma aikinsa reshe ne na aikin safiyo. Jama'a sun fi sanin ɗan'uwansa mai auna iyakar fili, amma abin da mai kimantawa ya rubuta shi banki ke dubawa kafin ya ba da rance, shi kuma hukuma ke bi wajen biyan diyya. Saboda haka, ko da yake ba ya aza tubali ko guda, yana da hannu dumu-dumu a kan irin ginin da mutane ke zaɓa su yi.

Daga Ingila sana'ar ta zo, inda aka kafa ƙungiyar masu safiyo, wadda aka sani da RICS, a birnin Landan cikin 1868. A Nijeriya masu kimanta gidaje sun kafa tasu ƙungiyar a 1969, sa'an nan dokar soja mai lamba 24 ta 1975 ta tabbatar da ita, ta kuma kafa hukumar yi musu rajista. A cikin wannan shekara ta 1975 ne jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas maƙare da siminti, bayan an yi odar wajen tan miliyan 20, abin da ya fi ƙarfin tashar nesa ba kusa ba. Watau sana'ar ta tsaya da ƙafarta ne a daidai zamanin da kuɗin man fetur suka sa bulo da kwano suka zama alamar arziki, ginin ƙasa kuwa ya zama abin da ake jin kunyarsa.

Hanyoyin da mai kimantawa ya fi bi guda uku ne. Ko dai ya gwada gidan da irinsa da aka sayar a unguwar, ko ya lasafta kuɗin hayar da zai kawo, ko kuwa ya ƙiyasta abin da za a kashe a sake gina shi, ya cire lalacewar da shekaru suka yi masa. Wannan ta ƙarshe ita ce Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanada wajen biyan diyyar gini. To, a kowace hanya aka bi, gidan ƙasa a baya yake fitowa, domin kayansa ba su da tsada a kasuwa, kuma akan ɗauka ba ya daɗewa. Magidanci kuwa ba ya son asara. In ya ga bulo ne banki ke karɓa jingina, bulo ne kuma ake biya da tsoka ranar diyya, sai ya rushe soron da ya gada ya kira mai buga bulo, ko da ya san zafi zai hana shi barci a watan Afrilu.

Alhali kuwa abin da maginan ƙasar Hausa suka sani ba ƙaramin ilimi ba ne. Bangon tubali mai kauri yakan shanye zafin rana sannu a hankali, ba ya sakinsa sai dare ya raba, shi ya sa zaure ke da sanyi da tsakar rana ba tare da fanka ba. Azara, wadda ake tsagawa daga giginya, gara ba ta cika cinta ba. Makuba daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake samunta, laso kuwa daga katsin marina da gashin jima da dafara, dukkansu don kare gini daga ruwa. Kusan komai daga kewayen gari yake fitowa, in ginin ya faɗi kuma ƙasa ta koma ƙasa. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, bakan gizonsa ya daɗe ƙwarai yana tsaye, ko da yake an kewaye shi da sabon gini na siminti.

Ba a ce ginin ƙasa ba shi da aibi ba. Yana son yaɓe a kan kari, indararo ɗaya in ya toshe ya isa ya kawo rufi ƙasa, kuma kowace damina akan ji labarin gidajen da ruwa ya rushe har da asarar rayuka. Giginya ma ta yi ƙaranci. Sai dai aikin gwani ne ya bambance ginin da aka ɗora a kan harsashin dutse, aka kula da shi, da wanda aka yi a kwari aka yi watsi da shi. In aka haɗa su duka aka yi musu kuɗin goro, an zalunci na farkon.

Siminti kuma yana da nasa bashin da ba ya fitowa a takardar kimantawa. Sai an gasa farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1,450 kafin a same shi, kuma masana'antarsa ce ke fitar da kimanin kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke sakewa, wadda ke ɗumama duniya. Wanda wannan bai dame shi ba, aljihunsa zai faɗa masa. Ɗakin bulo mai rufin kwano da manyan tagogi na gilas ba ya zaunuwa da bazara sai da na'urar sanyaya ɗaki. An janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, sa'an nan a watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin farko zuwa naira 225 kowane ma'auni. Gidaje biyu masu girma ɗaya a layi ɗaya, guda yana cin man janareta dare da rana, guda kuwa iskar Allah ta ishe shi, bai kamata a ce darajarsu ɗaya ba.

A Ingila, inda aka koyo sana'ar, an riga an shigar da wannan cikin lissafi. Gidan da za a sayar ko a bayar haya sai an yi masa takardar shaidar yawan makamashin da yake ci, mai daraja daga A zuwa G. Tun daga Afrilu na 2018 doka ta hana ƙulla sabuwar haya a gini mai F ko G, in ban da waɗanda aka keɓe, a 2023 kuma hanin ya game dukkan hayar gine-ginen kasuwanci. Ginin da ba ya hayuwa kuwa darajarsa ta faɗi, ko mai shi ya so ko ya ƙi. Ƙungiyar RICS ma ta fitar da ƙa'idar auna iskar kabon da gini ke jawowa tun daga haƙo kayansa har ranar rushe shi a 2017, ta sabunta ta a 2023.

Can sanyi ake yaƙa, nan kuwa zafi, don haka kwafar dokarsu baki ɗaya ba za ta yi ba. Abin koyi yana nan kusa. Masallacin Yaama a yankin Tawa ta Nijar, aikin magini Falke Barmou, ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta sun kammala sabon masallaci a 2018 da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, suka mayar da tsohon ya zama ɗakin karatu. Gwamnatin Tarayyar Nijeriya kuma ta fito da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine a 2017, wadda ta yi magana a kan girman tagogi, da inuwa, da rufi, da fitilu.

Abin da ya rage yana kan teburin masu kimantawa, da ma'aikatun ƙasa da safiyo na jihohi, da makarantun da ke horar da ɗaliban wannan fanni. Jadawalin diyya yana bukatar gurbi dabam domin bulon ƙasa na inji da ginin tubali mai harsashi, rahoton da ake kai wa banki kuma ya riƙa nuna kuɗin wuta da na mai da gida ke ci a shekara, da inda tagoginsa suka fuskanta, da ko yana kan hanyar ruwa.