Renon Iri A Fadamar Kamarawa

Idan damina ta ja jiki, gulbi ya fara janye ruwansa daga fadama, sa'an nan ne aikin mai lambu ke somawa a Kamarawa da sauran garuruwan ƙasar Isa da Sabon Birni. Ƙasa ce ta gulabe. Bunsuru da Gagare sun gangaro daga kudu sun gamu, suka zama Gulbin Rima, wanda ya ratsa ta Sabon Birni, kusa da kufan Alƙalawa, tsohon birnin Gobir da aka ci a 1808, ya nufi Goronyo da Wurno har Sakkwato. Lakar da ruwan nan ke bari kowace shekara ita ce jarin talaka, a cikinta ake noman albasa da tumatir da tattasai da attaruhu. Amma falken da ke ƙidayar buhunan albasa da bazara bai cika tunawa ba, dukiyar nan duka ta taɓa zama cikin ɗan fangali wanda bai fi faɗin tabarma biyu ba.

Wannan fangali shi ne wurin reno, kuma a nan ake yawan yin hasara tun ba a kai ga dashe ba. Abu na farko taki. Kashin awaki da na shanu suna da albarka ƙwarai, amma sai sun daɗe a juji sun ruɓe, sun yi baƙi, zafinsu ya fita. Ɗanyen taki yakan ƙona saiwar ɗan tsiro, ga shi kuma yana zuwa da 'ya'yan ciyawa. Mai hankali yakan gauraya ruɓaɓɓen da ƙasa tun kwanaki kafin ya watsa iri, ya rufe da ƙasa kaɗan, ya shimfiɗa busasshiyar ciyawa bisa. Da iri ya fara leƙowa sai ya kwashe ciyawar, in ba haka ba tsiron ya yi tsawo ba ƙarfi.

Sha'anin ruwa ya fi wannan wuya, domin ƙauna ce ke kashe iri fiye da sakaci. Mutum ya ga 'yan ganye biyu sun fito, zuciyarsa ta yi fari, ya dinga malala musu ruwa safe da rana da maraice har fangali ya zama taɓo. Bayan kwana kaɗan sai ya tarar gindin tsiro ya siranta ya yi baƙi, sun kwanta jere kamar an bi su da aska. Sai a ce baki ne, ko kambun ido. Alhali kuwa wata cuta ce ta ƙasa, irin ta fumfuna, wadda ba ta son kome kamar danshin da ba ya bushewa da iri mai cunkoso. Maganinta a ɗaga fangali kaɗan don ruwa ya tsane, a rage yawan iri, a yayyafa ruwa da sassafe ta gwangwani mai hudoji, ba a kwarara da guga ba. Kafin a ƙara, a tura yatsa cikin ƙasa. In da sanyi, a dakata. Ruwan zartsi kuwa ba na reno ba ne, gishirinsa yakan taru bisa ƙasa ya yi fari.

Takin zamani iri biyu suka fi yawa a kasuwa. Akwai kamfa, wanda akan rubuta 15-15-15 a buhunsa, da kuma yuriya, fari mai kama da sukari, wanda kashi 46 cikin ɗari nasa sinadarin ganye ne zalla. Yuriya wuta ce. In ƙwayarta ta taɓa jikin ɗan tsiro ta ƙona shi, in kuwa an bar ta bisa ƙasa cikin rana, ƙarfinta ya bi iska, kuɗi sun tafi banza. Fangalin da ya sami takin gida sosai ba ya bukatarta. In ganye ya yi ɗorawa, ɗan kaɗan ya isa, a narka cikin ruwa mai yawa, a bi da ruwan zalla don wanke ganyen.

Dā da jigo ake ban-ruwa, mutum ya wuni yana ɗaga guga, shi ya sa bai yin ɓarna da ko ɗigo. A shekarun 1990 Shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa ya yaɗa gajerun rijiyoyin bututu da injin fetur, lambuna suka faɗaɗa, hannu kuma ya saki. Sa'an nan al'amura suka juya. Yaƙin Rasha da Yukiren na 2022 ya tsadantar da taki a duniya, aka kuma janye tallafin fetur a Nijeriya ranar 29 ga Mayu, 2023. Tun daga nan kowane tashin inji sai da lissafi. Malamai sun san shari'a ta daɗe da lura da wannan wahala, da ta sa ushiri ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin ushiri ga wanda aka sha wuya wajen ban-ruwansa, ko da yake a mazhabar Malikiyya kayan lambu ba su da zakka a kansu.

Akwai kuma abin da ya fi tsada ciwo. 'Yan bindiga sun addabi ƙasar Isa da Sabon Birni shekaru da dama, har a watan Satumba na 2021 aka yanke layukan waya a yankin saboda su. Gero yana jimre mako ba a duba shi ba, amma ɗan tsiro na kwana goma, in aka yi kwana biyu ko uku ba a isa fadama ba cikin iskar hunturu, shi ke nan, iri da taki da wahala sun salwanta, lokacin shuka kuma ya wuce. Wanda gonarsa ke nesa da gari, gara ya yi renon a cikin gida kusa da rijiya, ya kewaye shi da zana saboda kaji da awaki, mata da yara su taimaka da yayyafi. Ba ya cin wuri.

Tumatir yakan isa dashe cikin mako huɗu zuwa biyar, tattasai da albasa sai shida zuwa takwas, sa'ad da albasar ta kusa kaurin alƙalamin kara. Saura mako guda a rage ruwa, don iri ya saba da wuya. Ranar cira a jiƙa fangalin sosai don saiwa ta fito da ƙasarta, a dasa da la'asar, a shayar nan take. Bayan kamar mako biyu, in ya kama, a sa kamfa a gefe, tazarar yatsu huɗu daga gindi, a binne. Albasa kada a ƙara mata yuriya bayan ta fara kai, kuma a yanke mata ruwa mako biyu ko uku kafin cira. Wadda aka ɗura wa taki da ruwa har ƙarshe takan yi ƙaton wuya mai laushi, ta yi kyau a ido ranar kasuwar Shinkafi, amma kafin mota ta kai Legas ta fara ruɓa cikin buhu.