UB40: Ƙungiyar Rege da Zaman Kashe Wando Ya Haifa

Wanda ya taso da rediyo mai kaset a shekarun 1980, ko a Ikara ne ko Makarfi ko Kudan, da wuya bai ji muryar UB40 ba, ko da bai san sunansu ba.

Samari takwas ne, farare da baƙaƙe, suka kafa ƙungiyar a Birmingham ta Ingila a 1978. Galibinsu ba su da aiki, shi ya sa suka ari sunan takardar da marasa aiki ke cikewa a wancan lokaci don karɓar tallafin gwamnati. Faifansu na farko, Signing Off, ya fito a 1980, cike da sukar gwamnatin Margaret Thatcher da wariyar launin fata.

Amma kuɗin sun zo ne daga sake rera tsofaffin waƙoƙin wasu. Red Red Wine, ta Neil Diamond, ta zo ta ɗaya a Birtaniya a 1983, a Amurka kuma a 1988.

A 2008 jagoransu, Ali Campbell, ya fice bisa saɓanin kuɗi, daga baya ƙungiyar ta dare gida biyu, kowane ɓangare na riƙe da sunan. A ganina, faifan farkon nan ya fi duk abin da ya biyo baya.