Arlit: Abin Da Ya Rage Bayan An Kwashe Yuraniyom

Shirinmu na musamman a yau zai kai mu arewacin Jamhuriyar Nijar, can gaba da Agadez, zuwa garin Arlit.

Shekaru sittin da suka wuce babu gari a wurin. Fili ne na hamada a gefen duwatsun Abzin, inda Abzinawa ke ratsawa da raƙuma da awaki suna bin ciyawa da rijiyoyi. Sai Faransawa suka gano yuraniyom a ƙarƙashin ƙasar, ma'adinin da ake kunna tashoshin lantarki na nukiliya da shi. Aka kafa kamfanin Somaïr a 1968, ya fara haƙa a 1971. Na biyu, Cominak, ya soma aiki a 1978, garin Akokan ya tsiro a kusa da raminsa. Ma'aikata suka kwararo daga Damagaram da Maraɗi da Tawa, shi ya sa in ka shiga kasuwar Arlit Hausa za ka ji ana ciniki da ita.

A faɗi gaskiya, kamfanonin sun yi abin a gani. Kowannensu ya gina asibiti, ana duba ma'aikata da iyalansu har da mutanen gari. Unguwannin ma'aikata suna da famfo da lantarki a lokacin da yawancin ƙasar ke kwana a duhu. An shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, aka yi mata laƙabi da hanyar yuraniyom. Irin waɗannan ayyuka ne kamfanoni ke bugawa a rahotanninsu na shekara, da hotuna masu kyau, su ce sun sauke nauyin al'umma.

(Kiɗa)

To amma a tambayi makiyayi, lissafinsa daban ne. Makiyayar da ya gada ta koma bayan shingen waya. Ruwan da ake wanke ma'adinin da shi daga ƙarƙashin ƙasa ake zuƙo shi, ruwa ne da ya taru tun dubban shekaru, kuma ɗan yayyafin hamada ba ya mayar da gurbinsa. Lokacin da ƙungiyar 'yan tawaye ta MNJ ta ɗauki makamai a 2007, rabon arziƙin yuraniyom na cikin manyan buƙatunta.

A cikin gari kuma damuwar ta fi ɓoyuwa, domin gubar yuraniyom ba ta da wari, ba ta da launi. Shekara da shekaru tsofaffin ƙarafan kamfani suna fita zuwa kasuwa, maƙera suna sarrafa su su zama ƙyauren ɗaki da kayan girki. An kuma yi cikon wasu tituna da ɓaraguzan dutsen da aka fito da su daga rami. Wani ma'aikacin Somaïr, Almoustapha Alhacen, ganin yadda abokan aikinsa ke mutuwa da cututtukan da ba a yi musu bayani ba, ya kafa ƙungiyar Aghirin'man. Ita ce ta jawo masana daga cibiyar CRIIRAD ta Faransa don su auna gubar. A ƙarshen 2009 ƙungiyar Greenpeace ta ɗebi ruwa a wurare biyar a yankin, huɗu daga ciki yuraniyom ɗin da ke cikinsu ya zarce ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na ruwan sha. Kamfanin Areva, mai gudanar da ramukan biyu a lokacin, wanda yanzu ake kira Orano, ya dage cewa abin da ke shafar jama'a bai wuce iyakar doka ba, ko da yake daga baya ya bi tituna yana aunawa yana kwashe gurɓatacciyar ƙasa.

A nan ne batun asibiti yake ɗaure kai. Likitan da zai ce wannan tari daga ƙurar rami ya fito, albashinsa daga mai ramin yake fitowa. Ba sai an zargi kowa da ƙarya ba kafin a ga cewa tsarin bai yi ba. Maras lafiya yana samun magani kyauta, amma samun takardar da za ta ce aikinsa ne ya kwantar da shi, wadda zai nemi diyya da ita, wannan kuma wani dogon zance ne.

Ranar 31 ga Maris 2021 Cominak ya rufe, bayan ya fitar da yuraniyom kimanin tan 75,000. Ma'aikatansa kusan 600 sun sami kuɗin sallama. Ɗaruruwan 'yan kwangila, waɗanda suka shaƙi ƙura ɗaya a rami ɗaya, ba su sami irin wannan ba. A bayan Akokan kuwa an bar tsaunin dusar ma'adini mai nauyin tan miliyan 20, a fili, iskar hamada na kaɗawa a kansa. Kamfanin ya yi alkawarin lulluɓe shi da yumɓu da dutse mai kaurin mita biyu, aikin da aka ƙiyasta zai ci sefa biliyan 95. Wannan ba taimako ba ne. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Gwamnati ma ba ta fita ba. Tana da hannun jari a kamfanonin biyu tun farko. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ma'adinai ga ƙananan hukumomin da ake haƙa a cikinsu, amma shugabannin yankin sun sha kukan cewa kuɗin ba ya zuwa a kan kari. Ita kuwa hanyar yuraniyom, duk direban da ya bi ta zai ba ka labarin ramukanta.

A watan Yunin 2025 gwamnatin sojan Nijar ta sanar da mayar da Somaïr mallakar ƙasa, jama'a da dama suka yi murna. Sai dai wanda ya karɓi rami ya karɓa har da dusarsa, kuma tambayar mutanen Arlit tana nan yadda take: wa zai riƙa auna ruwan rijiyoyi, wa zai kula da tsofaffin ma'aikata, wa zai gyara murfin tsaunin dusar Akokan idan ya tsage?

Masu sauraro, Cominak shekara 43 ya yi yana haƙa. Sinadarin radiyom da ke cikin tsaunin da ya bari a Akokan sai ya shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi.