Mu Fahimci Halin Kajinmu

A garuruwanmu na Tasawa da Mayahi da wuya a sami gidan da babu kaza, amma ba kowa ke gane halinta ba. Idan muka ga tana birgima cikin ƙura, ba ciwo ba ne, ƙwarƙwata take kakkaɓewa. Mu zuba mata toka a inuwa.

Kaza na kwanci kwana 21, amma ƙwan zabi da muke sa mata da damina yakan kai kwana 28. Mu ajiye ruwa da dussa kusa da ita. Ƴan tsaki kuwa, a ba su tsaki da gara, a kife su da kwando saboda shirwa.

Babbar asara da hunturu take zuwa. Kaza ta takure, fukafukai a sake, tana koren zawo, wuya ya murɗe: cutar Nikasal ce, kuma ba ta da magani. Kafin sanyi ya shigo mu nemi ma'aikacin kiwo ya yi rigakafi. Wadda muka sayo a kasuwa mu ware ta mako 2 kafin ta shiga akurki. Mushe kuma a binne shi, kada a jefar a juji.