Shimfiɗar Kunkuru da Kaskon Gyaɗa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai suyar gyaɗa a Kwanar Ɗangora ya san aikin rairayi. Takan zuba shi a kasko, ta bari ya sha wuta, sannan ta juye gyaɗar a ciki. Ko ta janye itace, rairayin bai fasa gasa abin da ke cikinsa ba. Kaskon nan ne ya faɗo mini a rai ranar da na shiga gidan wani abokina a Bebeji, na tarar ya kewaye wani lungu da bulo, ya malala yashi fari tas, ya ajiye 'yan kunkuru biyu a kai. A watan Afrilu fa, ko inuwar darbejiya babu.

"Malam, ai dabbar sahara ce," in ji shi, "yashi ne gidanta."

Na gane inda ya dosa. A wurinmu yashi tsafta ne. Shi muke zubawa a zaure da harabar masallaci, a share da safe ya yi kyan gani. Sai dai mu da takalmi muke takawa, in muka gaji mu hau tabarma. Kunkuru kuwa da cikinsa yake kwance a kai, a nan zai ci, a nan zai yi kashi, a nan zai kwana.

Babban kunkurun nan na Sahel, wanda kan wuce kilo 50 in ya girma, bai san zama a kan tsurar yashi ba. Ƙasa mai ƙarfi yake nema, ya haƙa rami mai tsawon mita da yawa, ya shige inda akwai sanyi da laima har rana ta yi sanyi. Gwada haƙa rami a busasshen yashi ka gani, kana tonowa yana ruftawa. Tsofaffinmu sun san wannan hikimar ta wata fuska: gindin randa ake jiƙawa, ruwa ya wuni da sanyi. Ɗan kunkuru irin wannan wuri mai laima yake bukata. In ya rasa laima jikinsa ya bushe, ƙoƙon bayansa ma yakan taso tudu-tudu maimakon ya fito sumul.

Balle ƙaramin nan da manoma kan tsinta da damina a wajajen Doguwa da bakin dajin Falgore, mai iya rufe bayan ƙoƙonsa kamar murfin akwati. Shi ɗan ƙarƙashin ganye ne, yana kalacin tsutsa da dodon koɗi. Ɗora shi a yashi kamar ka ɗauki mai noman shinkafar fadama ne ka ba shi jigawa.

Babbar matsalar ma a ciki take. Mutanen Tudun Wada, da shinkafa ta zame musu sana'a, ba sai an gaya musu ɓacin ran tauna tsakuwa a loma ba. Mace ta zauna ta tsince, ta rege, duk don kada haƙori ya gamu da dutse. Kunkuru ba shi da mai rege masa. Ka jefa masa ganyen latas ko yankan kankana a ƙasa, yashi ya manne a jiki, ya haɗiye gaba ɗaya. Yau kaɗan, gobe kaɗan, in kuma ba ya samun isasshen ruwa sai ya taru a hanji ya toshe. Ka ga ya daina ci, ya daina kashi, ya lafe wuri guda. Da yake ba ya kuka kamar akuya, sai mai gida ya ɗauka halinsa ne na rashin hanzari. Kafin a tuna da likitan dabbobi, an makara. Ga ƙaiƙayin ido da rairayi ke jawowa, ga fitsari da ke nutsewa ƙasa, sama fes, ciki wari, kamar katifar yaro da aka rufe da sabon zani.

Ban ce yashi haramun ba ne. Ɗan kaɗan a cuɗe da ƙasar gona, a daddanne kamar za a yi daɓe, ba laifi. Abin da na sa abokina ya yi ke nan. Muka kwashe yashin, ya tafi wurin magina inda ya fi amfani. Muka zuba ƙasa, muka kifa rabin tsohuwar tukunya a inuwa, muka binne kasko marar zurfi don ruwa. Abinci kuma ciyawa da yaɗiya, a kan faifai.

Kai da ke da kunkuru a gida, gobe da azahar cire takalmi ka taka inda ka ajiye shi. In ƙafarka ba ta jure ba, ɗauke shi daga wurin.